Ƙafar da Ta Saki da Masu Ƙirga Takunta

Duk lokacin da mai lafiya ya ɗaga ƙafa zai jefa ta gaba, yatsunsa sukan wuce dab da ƙasa, saura ƙiris su goge ta. Wani masanin tafiyar ɗan Adam a Jami'ar Waterloo ta Kanada, David Winter, ya auna tazarar a 1992, ya samu kimanin santimita 1.3. Da wannan 'yar tazara muke yawo tun muna tatata har tsufa, sau dubbai a yini, ba mu ma san tana nan ba. Mai tsare ta tsoka ce da ke kwance a gaban ƙwauri. Ita ke ɗaga tafin ƙafa idan ya bar ƙasa, ita ke sauke shi a hankali bayan dunduniya ta dira. Umarni kuwa yana iso mata ta wata jijiya da ta taso daga ƙashin baya, ta ratsa mazaunai, ta gangaro bayan cinya, ta zagayo ta gefen gwiwa na waje, inda fata ce kawai ta rufe ta a kan ƙashi. In wani abu ya sami jijiyar nan a ko'ina cikin doguwar hanyarta, ko ya sami ƙwaƙwalwar da ke aiko da umarnin, sai ƙafa ta saki.

Wanda ya saba bin titin Kachia daga Kakuri zuwa Sabon Tasha a Kaduna ya san tafiyar mai irin wannan ƙafa. Wani yakan ɗaga gwiwa sama sosai kamar mai hawa matakala a fili, don kada yatsu su ja ƙasa, sannan ƙafar ta faɗo da ƙara, fat. Wani yakan kewayo da ita ta gefe yana karkata ƙugu. Silifas ba ya zama a ƙafar, shi ya sa za ka ga an ɗaure shi da tsumma ko roba ta bayan dunduniya. Takalmi ya cinye ta baki, babban yatsa kullum da ciwon tuntuɓe. Masu wucewa su ce ɗingishi ne, ko su ce shan inna, kowa ya kama gabansa.

A Turai da Amurka, da yawa daga cikin masu irin wannan ƙafa masu shanyewar ɓarin jiki ne, sai masu wata cuta da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wadda ba ta yawaita a wajenmu ba. Shanyewar ɓarin jiki kam muna da ita. Samarin da suka cika masaƙun Kakuri da kamfanin haɗa motocin Peugeot a shekarun 1970 da 1980 su ne dattawan da hawan jini ke bi yau a unguwannin Makera da Nasarawa da Television. Sai dai ƙofofin da ciwon ke shigo mana sun fi haka yawa. Akwai haɗarin babur da ke karya ƙashi a gefen gwiwa, da ɗorin da aka tamke fiye da kima har ya danne jijiyar. Akwai ciwon suga, da zamewar faifan ƙashin baya, da kuturta, da doguwar naƙuda, inda kan jariri ke danne jijiyoyin ƙugu na tsawon sa'o'i ko kwanaki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na allura, domin da hannu ake jawo shi, kuma yara yake kamawa. Yaro na zazzaɓi, a kai shi kemis ɗin bakin layi, a danne shi yana wutsil-wutsil, a soka masa allura a tsakiyar ɗuwawu. Babbar jijiyar ƙafa nan take wucewa, kuma reshenta mai ɗaga tafin ƙafa shi ya fi saurin jin rauni. Yaron da ya shigo da ƙafarsa sai a fita da shi a goye. Likitocin yara da na gashin ƙashi a Najeriya, musamman na Ibadan, sun daɗe suna rubutu a kan wannan rauni. Kada wani ya ɗora laifin a kan rigakafi: allurar rigakafin jarirai a gefen cinya ko a dantse ake yin ta, na shan inna kuwa akasari ɗigo ne a baki. Allurar zazzaɓi a hannun wanda bai san inda jijiya take ba, ita ce abin tsoro.

To a ce an dace, uwa ta kai yaron wajen likitan gashin ƙashi, ta koma bayan wata guda.

"Mama, yaya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, likita. Mun gode Allah."

Ko a Nasarawa ko a Narayi, ko mai zuwa masallaci ko mai zuwa coci, amsar ke nan, kuma tarbiyya ce mai kyau. Ba a yi wa Allah butulci, ba a kuma kunyata wanda ke ƙoƙari a kanka. Amma likita ba zai iya yanke shawara da ita ba. Sai ya ce wa yaron ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya dube shi da ido, ya rubuta cewa ana samun ci gaba. Wata mai zuwa wataƙila wani likitan ne a kan kujerar, da nasa idon. A haka shekara za ta shuɗe ba wanda zai iya cewa ga inda ƙafar take a watan farko, ga inda take yanzu.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da rashin awo ke ɓoyewa. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, wanda asalinsa na masu kuturta ne, likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun daga 1980 da 'yan kai yana ɗinke matan da suka samu yoyon fitsari. A 1994 shi da Thomas Elkins suka fitar da nazari a kan mata 947. Rabin farko, takardunsu na baya aka duba, aka ga kusan ɗaya cikin ashirin ce aka rubuta tana da matsalar jijiyar ƙafa. Rabi na biyu kuwa, kowace mace sai da aka tambaye ta aka kuma gwada ƙarfin ƙafarta. Sai ga fiye da ɗaya cikin huɗu da raunin a jikinta, in aka haɗa da waɗanda suka ce sun yi fama da shi bayan haihuwa, adadin ya kusa biyu cikin uku. Matan iri ɗaya ne, likita ɗaya ne. Macen da ta rasa jariri, fitsari na bin ƙafarta, mai yiwuwa miji ya juya mata baya, ba za ta buɗe baki ta yi ƙorafin jan ƙafa ba sai an tambaye ta.

Tunanin ɗaura wa mai tafiya abin awo a jiki ya girmi wutar lantarki a gidaje. A 1872 a Paris, Gaston Carlet, ɗalibin Étienne-Jules Marey, ya yi takalmi mai 'yan jakunkunan iska a ƙarƙashin dunduniya da gaban ƙafa, da siririn bututu da ke tura alƙalami ya yi zane duk sa'ad da aka taka. Amma wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila da ya soma aiki a Vellore ta kudancin Indiya a 1946. A lokacin kowa ya ɗauka naman mai kuturta ruɓewa yake yi da kansa. Brand ya nace cewa gyambon tafin ƙafa daga taku yake, domin ƙafar da ba ta jin zafi ba ta sanin ta sauya wurin da nauyi ke sauka. Don ya tabbatar, shi da abokan aikinsa suka liƙa wasu 'yan faya-fayai masu auna danni a tafin ƙafar majiyyata, suka sa su tafiya ba takalmi, da kuma cikin takalma iri-iri, suka buga sakamakon a 1963. Bayan ya koma Carville a Amurka a 1966, sai suka ƙirƙiro safa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin rini. Majiyyaci ya sa ta ya yi yawo, inda danni ya yi yawa ƙwayoyin su fashe, wurin ya yi shuɗi. Da an tuɓe safar, shi da mai yin takalmi duk suna ganin inda matsalar take, ba sai wani ya fassara musu ba. Kuma a Karigiri, kusa da Vellore, ba su tilasta wa manoman Indiya takalmin Bature ba. Sandal ɗin da mutane suka saba da shi suka gyara, suka shimfiɗa masa roba mai laushi da suke sarrafawa a nan asibitin.

Na'urar yau 'yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 4 ko 5 ba, ana ɗaura ta da maɗauri a bayan ƙafa, ko a ƙwauri, ko a tsatso. A cikinta akwai ɓangaren da ke jin fizga ta kowace fuska, gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa, da wani da ke jin juyawa. Irinsu ne a cikin wayar hannu, su ke sa hoto ya juya in ka karkata ta. Tana ɗaukar awo kimanin sau 100 a daƙiƙa ɗaya, kwamfuta kuma ta fitar da lokacin da ƙafa ta bar ƙasa da lokacin da ta dira, da tsawon taku, da yadda ƙafar dama ta bambanta da ta hagu. Mai lafiya yakan shafe kusan kashi 60 cikin 100 na kowane zagayen taku ƙafarsa na ƙasa, kashi 40 tana sama, kuma yakan dira da dunduniya, tafin ƙafa a ɗage kimanin digiri 25. Mai sakakkiyar ƙafa yakan dira a shimfiɗe ko ma da yatsu. Wannan kusurwa ita ce lambar da ta fi faɗin gaskiyar ciwon, kuma ido ba ya iya raba digiri 5 da digiri 10 a ƙafar da ke cikin motsi.

Na'urar ma tana da nata rauni. Ƙananan kurakuranta taruwa suke yi, in aka bar ta, cikin ɗan lokaci lissafin nisa zai kauce. Dabarar da aka samo ita ce a yi amfani da ɗan lokacin da tafin ƙafa ke tsaye cak a ƙasa a kowane taku, a mayar da lissafin sifili. Matsala ta biyu ta fi shafar mu: yawancin manhajojin da tafiyar masu lafiya aka horar da su, dirar dunduniya suke nema. Wanda ke dira da yatsu, yana tafe a hankali, sai su tsallake takunsa da yawa. Nazari daban-daban sun nuna cewa agogon hannu da na'urar ƙugu suna rage ƙirgar mai tafiyar sanyi, wadda aka ɗaura a idon sawu ta fi su daidai. Saboda haka dattijon da ɗansa ya saya wa agogon ƙirga taku, kada ya karaya in ya ga lambar ta yi kaɗan.

Babban abin da waɗannan na'urori suka tona shi ne cewa tafiyar asibiti daban, ta gida daban. A gaban likita, a kan daɓe mai santsi, mutum yakan tattaro duk ƙarfinsa ya yi taku ashirin masu kyau. A gida kuwa ya fi sanyin tafiya, kuma tsokar da ta raunana tana gajiya, bayan 'yan mintuna yatsu su soma jan ƙasa, a lokacin ne ake faɗuwa. Wani nazari da Michael Orendurff da abokansa suka buga a Amurka a 2008, inda masu lafiya suka yi mako biyu da na'ura a idon sawu, ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tashin da mutum ke yi bai kai taku 12 a jere ba, kashi 75 kuma bai kai taku 40 ba. Wato tafiyar yau da kullum tashi ne da tsayawa da juyawa, daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa rijiya. Wannan fahimta ce ta sa a 2019 ƙasashen Turai suka kafa babban shiri mai suna Mobilise-D ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Newcastle, inda majiyyata fiye da 2,000 suka riƙa sa na'ura a tsatso na kwana bakwai a jere suna harkokinsu a gida.

Lambar sauri kuma tana da ma'ana a rayuwa. Daga aikin Jacquelin Perry da abokanta a California a 1995 aka fitar da iyakokin da likitocin gashin ƙashi ke amfani da su: wanda bai kai mita 0.4 a daƙiƙa ba, tafiyarsa ta cikin gida ce; daga 0.4 zuwa 0.8 yana iya fita kusa. Wanda ya haura 0.8 yana iya shiga gari. Masu tsara fitilun tsallaka titi a Ingila da mita 1.2 suke lissafi. Mu kawo shi titin Kachia. Hannu ɗaya mai layi biyu ya kai faɗin mita 7. Mai lafiya zai tsallaka cikin daƙiƙa 6, mai tafiyar mita 0.5 sai ya yi 14, kuma a cikin daƙiƙa 14 motar da ke gudun kilomita 60 a awa ta ci fiye da mita 230. Tsohuwar da ta daina zuwa kasuwar Sabo ta riga ta yi wannan lissafi a ranta, ko da 'ya'yanta suna ganin son jiki ne.

A ɓangaren magani, na'urar farko da ta haɗa awo da gyara ta fito ne a 1961, lokacin da Wladimir Liberson a Amurka ya sa makunni a ƙarƙashin dunduniyar masu shanyewar ɓarin jiki. Da dunduniya ta ɗaga, sai 'yar wutar lantarki ta tsikari jijiyar gefen gwiwa, tafin ƙafa ya ɗago. Asibitin gwamnati na Salisbury a Ingila ya ɗauki wannan tunani ya ƙera tasa na'urar mai suna Odstock. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne naci. Duk zuwan majiyyaci sai an sa shi tafiyar mita 10 da na'ura da kuma babu ita, a riƙe agogo, a ƙirga bugun zuciya, a rubuta. Gwajin da Jane Burridge ta jagoranta a 1997 a kan mutum 32 ya nuna ƙarin sauri na kimanin kashi 20 cikin 100 ga masu amfani da ita, kuma irin waɗannan lambobi da aka tara shekara da shekaru suna cikin hujjojin da hukumar tantance magunguna da hanyoyin jinya ta Ingila ta duba kafin ta amince da hanyar a 2009.

Sai kuma awo ya zo da labarin da ya kamata ya faranta wa talaka rai. A Amurka an yi manyan gwaje-gwaje biyu da suka kwatanta na'urar tsikara, wadda kuɗinta ya kai dubban daloli, da matallafin roba da ake sawa daga bayan ƙwauri zuwa ƙarƙashin tafin ƙafa. Na 2013 ya ƙunshi mutum 197 da na'urar Bioness, na 2014 mutum 495 da WalkAide. A duka biyun, saurin tafiya ya ƙaru kusan daidai ga masu na'ura da masu roba, ko da yake a na farkon masu na'urar sun fi nuna jin daɗinta. Ga kuma abin da duk mai shirin sayowa daga waje ya kamata ya sani: tsikarar lantarki tana aiki ne in jijiyar ƙafar lafiyarta ƙalau, matsalar daga ƙwaƙwalwa ko laka take. Yaron allura, da mai jegon da naƙuda ta danne wa jijiya, da mai kuturta, da wanda ya karye a gwiwa, jijiyar ce kanta ta lalace, ba abin da za a tsikara. A ganina, in asibiti a kudancin Kaduna ya samu kuɗin na'urar tsikara guda, gara ya kashe su a kan matallafai masu yawa da kayan awo.

Amma matallafin da na'urar duk an ƙera su ne don mutumin da ke sa takalmi sau-ciki da safe, ba ya cirewa sai dare. A nazarce-nazarce da yawa ma a kan igiyar takalmi ake maƙala na'urar, ko a shimfiɗa ta a cikinsa. Mu kuwa takalminmu a bakin ƙofa yake tsayawa. Mai jego tana yini a tsakar gida, ko ba takalmi ko da silifas, tana tsugune wajen girki da wanki. Magidanci yana alwala sau biyar, yana shiga masallaci ba takalmi, yana naɗe ƙafa a zaman tahiya. Akwai majami'un da su ma sai an tuɓe ake shiga. Ban-ɗakin gidaje da yawa na tsuguno ne, kuma roba mai tauri ba ta barin idon sawu ya lanƙwashe. Ga zafin bazara da ke sa gumi ya taru a cikinta, wanda ga mai ciwon suga ko kuturta, da ƙafarsa ba ta jin zafi, hanyar gyambo ce. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ba mutum matallafi, ya yi godiya, ya rataye shi a ƙusa, sai ranar komawa asibiti ya sa. In na'urar a takalmin take, za ta ba da rahoton tafiyar zuwa asibiti da kasuwa kawai, ta bar tafiyar cikin gida, inda tabarma da dokin ƙofa da bakin kwata ke jiran yatsun da ba sa ɗagawa. Richard Stein na Jami'ar Alberta, wanda ya ƙirƙiro WalkAide, ya kauce wa makunnin dunduniya ya sa abin da ke jin karkatar ƙwauri, har mutum na iya tafiya ba takalmi. Irin wannan tunani muke bukata a wajen awo: maɗauri ɗaya a ƙwauri, ɗaya a bayan ƙafa, waɗanda ruwan alwala ba zai ɓata ba. A wajen tallafi kuma, ma'aikatan kuturta sun daɗe da sanin wata dabara mai araha, wato ɗamara a ƙasan gwiwa da robar cikin taya da ke jan bakin sandal sama. Duk shumekan da ke Kasuwar Monday ta Kakuri zai iya ɗinka ta in an nuna masa sau ɗaya. Ko ta fi matallafin roba amfani a layukan Romi da Unguwar Boro cikin damina, awo ne zai raba gardama, kuma a nan za a yi shi, domin babu mai yi mana shi a Newcastle.

Farawa ba ya bukatar a jira kwangila. Layi biyu na fenti a baranda, mita 10 tsakaninsu, da agogon da ke cikin kowace waya, sun isa a samu lambar sauri a Asibitin Gwamna Awan, ko St. Gerard's, ko Babban Asibitin Sabon Tasha, ko ƙaramin asibitin unguwa. Ƙarfin tsoka ana auna shi da hannu daga 0 zuwa 5, ma'aunin da likitocin Ingila suka tsara tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don sojojin da harsashi ya tsinka wa jijiya. Waya a ajiye a ƙasa ta gefe za ta ɗauki bidiyon da za a rage wa gudu a ga kusurwar dira, kuma in aka tsayar da hoton daga gwiwa zuwa ƙasa, an kiyaye mutuncin matar aure, muddin an nemi izininta. Daga nan ne ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu koyon gashin ƙashi a Jami'ar Bayero za su iya haɗa kai su gwada na'urori masu araha a kan masu tafiya da zani da doguwar riga da silifas, a kan yashi da laka. Lambar kuma a rubuta ta a katin da ke hannun majiyyaci, tunda yau yana asibiti, gobe yana wajen mai ɗori, jibi an tsallaka gada da shi zuwa asibitin Barau Dikko.

Mun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Daga 2013, a yaƙin kawar da shan inna, an riƙa bai wa ayarin masu rigakafi a jihohin Arewa wayoyi masu nuna duk inda suka taka, taswira ta fito da rugage da layukan da aka tsallake, aka koma aka bi su. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Tsarin sa idon yana nan har yau: duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ana son a kai rahoto, a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 a gwada. Yaran allura suna faɗawa cikin wannan koma. In gwaji ya nuna ba shan inna ba ne, aikin masu sa ido ya ƙare, domin cutar suke nema, amma ƙafar yaron tana nan a sake. Jami'in da ya riga ya san gidan, ya san sunan uwar, shi ya fi kowa dacewa ya miƙa mata takardar zuwa wajen likitan gashin ƙashi, ya kuma rubuta inda aka yi allurar don hukumar lafiya ta bi sawu.

Gaggawar tana da dalili. Jijiyar da ta ji rauni tana tsirowa da kimanin milimita ɗaya a rana, tsokar da ke jiran ta kuwa ba ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta ƙi amsawa ko da jijiyar ta iso. Daga mazaunai zuwa gaban ƙwauri tafiya ce mai nisa, ga babba tana iya cinye duk wannan lokaci. In katin ya nuna ƙarfi ya tashi daga 0 zuwa 2 cikin wata uku, sai a ci gaba da motsa jiki da haƙuri. In wata uku ko huɗu sun wuce lambar ba ta motsa ba, lokacin gwajin jijiya ne da ganin likitan fiɗa. Ga mai kuturta, raunin da bai wuce wata shida ba ana iya ceto shi da magani, kuma cibiyar Saye da ke Zariya ta daɗe tana horar da ma'aikata a kan gano shi da wuri. In jijiyar ta tafi ke nan, akwai sauran hanya: a ciro agarar wata tsoka mai lafiya daga bayan ƙwauri a dasa ta a bayan ƙafa ta riƙa ɗagawa, irin aikin da ake nema a asibitin ƙashi kamar na Dala a Kano. Sharaɗinsa shi ne idon sawu ya kasance yana lanƙwasuwa, shi ya sa ake koya wa uwa ta riƙa tura tafin ƙafar yaron sama kullum safe da yamma, ake kuma auna kusurwar duk wata. In aka bari ya ƙage, sai an fara tsawaita agarar dunduniya kafin dashen ya yi amfani, aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, zaman jinya a Kano ya daɗa tsawo.